Sauya Lasifikar Bayan Mota da Lafiyar Kunne

Zafin ranar da ke ratsa gilashin bayan mota yakan busar da takardar lasifika har ta tsage. Mai sauya ta ya nemi mai om 4, wadda ta dace da yawancin rediyon mota, ya kuma kiyaye juya wayoyin ɗayarsu. In ya juya, wannan na tura iska waccan na janyewa, sai amon ganga ya dushe.

Sai dai abin lura shi ne yaran da ke zaune daf da ita. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 na kashe su, kuma saɓanin na tsuntsaye, na ɗan'adam ba sa sake fitowa. Lasifika akwai ta a kasuwa, kunne kuwa babu.