Tun ran gini, tun ran zane: Yadda za mu sa baki a tsarin unguwanninmu

A unguwar da muka taso a Kano akwai wani fili a bayan makarantar firamare. Ba ciyawa, ba raga, duwatsu biyu muke ajiyewa su zama gola. Amma a nan muke ƙwallo bayan La'asar, a nan ake kafa rumfa ranar biki ko saukar karatu, kuma ta nan ruwan sama yake bi ya gangara kududdufi.

Muna aji uku na ƙaramar sakandare wasu mutane suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku da doguwar igiya, suka kakkafa ƙananan duwatsun siminti masu lamba, suka yi tafiyarsu. Mun gan su da idonmu, har wasunmu suka taya su riƙe igiya. Babu wanda ya tambaye su me ake shirin yi, babu kuma wanda ya kai labari gida. Bayan kamar shekara guda sai ga tifa tana juye yashi da bulo. A ranar ne hankalin dattawa ya tashi, suka haɗa tawaga suka tafi ofis. Amsar da suka dawo da ita gajeriya ce: an daɗe da yanka filin, kuma takardun masu shi sun cika.

Yau shaguna ne jere a wurin. Yara sun koma buga ƙwallo a bakin titi, ruwan da ya rasa hanya kuma ya samo wata ta cikin zaurukan mutane. Da muka girma muka fahimci cewa tun ranar da masu awo suka zo muka yi shiru filin ya kuɓuce mana. Wannan ne ya sa muke son ƙannenmu na sakandare su san yadda ake yanke shawara a kan filayen gari, da kuma inda talaka zai iya sa baki tun magana tana kan takarda.

Wa ke da wuƙa da nama a kan fili?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, amma da sharaɗi: riƙon amana ne domin amfanin jama'a. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana da hurumin ba da izinin zama irin na gargajiya. Dokar ta kuma ba gwamna ikon karɓe fili idan za a yi aikin da zai amfani al'umma, tare da biyan diyyar gini ko amfanin gonar da ke kai.

Mallakar fili daban, izinin gini daban. Hukumar tsara birane ce ke faɗin abin da ya halatta a gina a kowane wuri. A Kano ana kiranta KNUPDA, a Kaduna kuma KASUPDA. Su ne masu taswirar da ke nuna nan gidajen zama ne, nan kasuwa, nan makaranta, nan maƙabarta, nan hanyar ruwa ce ba a gini a kanta. Idan wani yana son mayar da gidan zama ya koma gidan mai, ko a yanka gefen makaranta a yi shaguna, sai an sauya abin da aka rubuta wa wurin tun farko. Wannan sauyi a ofis ake yin sa, da biro da takarda, watanni kafin kowa ya ga bulo.

Tsara gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tarihi ya nuna an fara gina ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma an bar fili mai yawa a cikinta domin noma da kiwo. A zamanin boko ma an yi wa birnin babban tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Sai dai garin ya ninka yadda yake a wancan lokaci, unguwanni da yawa kuma sun tashi ta hanyar awon igiya, ba tare da an ware wurin makaranta ko asibiti ko kwata ba.

Abin da shiru ke jawowa

Ku ɗauki misalin kududdufai. Asalinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Da damuna su ne ke shanye ruwan unguwa, su riƙe shi har ya tsotse a hankali. Idan aka cike kududdufi da shara aka yi gini a kai, ruwan ba ya fasa zuwa. Wuri mafi gangare yake nema, sau da yawa kuma ɗakin wani bawan Allah ne. A damunar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa.

Haka nan ba mu manta da watan Yunin 2023 ba, lokacin da sabuwar gwamnatin Kano ta fara rushe gine-gine a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen al'umma ne da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar Naira biliyan 30, kafin daga baya ɓangarorin biyu su sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, asarar dai ta tabbata: an kashe kuɗi an gina, an kashe kuɗi an rushe, sannan ga diyya daga aljihun jama'a. Da an zauna da mutanen gari a fili tun kafin a yanka wuraren, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Ƙofofin da doka ta bari a buɗe

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa harkar fili ta manya ce da masu kuɗi. Amma akwai ƙofofi aƙalla huɗu da kowa zai iya ƙwanƙwasawa.

Ta farko ita ce dokar tsara birane da yankuna ta 1992. Ta tanadi cewa idan ana shirya babban tsari, a baje daftarinsa jama'a su gani, kuma duk mai ƙorafi ya rubuto. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa ya kamata kowa ya nemi sanin abin da dokar jiharsa ta ce, da kuma inda ofishin hukumar yake.

Ta biyu ita ce dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992. Kafin a yi babban aiki kamar madatsar ruwa, babbar hanya ko masana'anta, dole a rubuta rahoton yadda zai shafi ruwa da iska da gonaki da mutanen wurin. Ana ajiye rahoton na tsawon ranakun aiki 21 a wurare irin su ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma sanar a jarida da rediyo domin jama'a su karanta su yi magana. Sau da yawa kwanakin sukan ƙare babu wanda ya leƙa, saboda rahoton da Turanci yake kuma yana da kauri. To, wa ya fi ɗan makaranta dacewa ya karanta wa mutanen garinsu?

Ta uku ita ce dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Tana ba kowane mutum damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, hukumar kuma tana da kwana bakwai ta ba da amsa ko ta faɗi hujjar ƙin bayarwa. Ke nan ƙungiyar unguwa za ta iya tambaya a rubuce: me aka tsara yi da filin da ke bayan makarantarmu?

Ta huɗu ita ce zaman jin ra'ayin jama'a da majalisun dokoki kan kira idan ana duba kasafin kuɗi ko wani ƙudurin doka. A kasafi ne ake rubuta wace hanya za a yi, wace kwata za a gina. Wanda ya je da takarda a hannu, an fi jin sa a kan wanda ya tsaya yana ƙorafi a majalisar mai shayi.

Matasan da suka sa unguwarsu a taswira

A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wata babbar unguwar talakawa mai suna Kibera. Duk da cunkoson jama'ar da ke cikinta, kusan babu komai nata a taswirorin da ake amfani da su. A 2009 wasu matasan unguwar suka koyi amfani da ƙananan na'urorin gano wuri, suka bi lungu-lungu suna rubuta inda famfo yake, inda banɗaki yake, inda makaranta da asibiti suke, suka ɗora a intanet. Aikin ya shahara da sunan Map Kibera. Daga nan mutanen unguwar suka samu abin nunawa idan ana maganar abin da suke da shi da abin da suka rasa.

A birnin Boston na Amurka kuwa, tun 2014 hukumar birnin ta fara ware Dala miliyan ɗaya ta ce matasa, har da 'yan shekara 12, su kawo shawara su kuma jefa ƙuri'a a kan ayyukan da za a yi da kuɗin. Darasin da ke cikin misalan biyu shi ne, ba sai mutum ya kai shekarun zaɓe ba kafin ya san unguwarsa ciki da bai, kuma wannan sani ne masu zanen taswira a ofis suka fi rasawa.

Me ɗan sakandare zai iya yi?

Ku fara da makarantarku. Ana sa ran kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, kuma tsarinsa ya ba ɗalibai kujeru, galibi shugaban ɗalibai da shugabar ɗalibai. Ku roƙi wakilanku su yi tambaya a zama na gaba: shin makarantar tana da takardar filinta? Ina iyakarta ta tsaya? Makarantar da ba ta da katanga ba ta da takarda, ita ake fara gutsura.

Sannan ku zana taswirar unguwarku. Ba sai da kwamfuta ba, babban kwali da biro sun isa, malamin labarin ƙasa kuma zai iya mayar da shi aikin aji. Ku sa filin wasa, kududdufi, rijiya, juji, da kwatar da take toshewa. Idan an yi ruwa ku fita ku ga ta inda yake bi da inda yake kwanciya, ku ɗauki hoto da wayar yayanku, ku rubuta kwanan wata. Ku tambayi tsofaffi yadda wurin yake a da. Kada ku manta da iyayenmu mata da 'yan mata, domin yawanci a ƙofar masallaci ake shawarar unguwa, ba sa wurin, alhali su suka fi sanin lungun da ba ya biyuwa da dare da nisan wurin ɗibar ruwa.

Idan kun ga masu awo ko sababbin duwatsun iyaka a filin jama'a, ku gaishe su cikin ladabi ku tambayi daga inda aka turo su, sannan ku sanar da iyayenku da mai unguwa a ranar. Daga nan magana ta bi hanyarta: mai unguwa, dagaci, hakimi, kansila, ɗan majalisa. A rubuta takarda da sa hannun mutanen unguwa, a kai wa hukuma, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafe ɗaya a dawo da shi gida. Maganar baki tana ɓacewa, takarda mai hatimi ba ta ɓacewa. Idan an ji shiru, ga gidajen rediyo. Mutanen Kano sun san yadda shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio yake sa ofisoshi su motsa.

Akwai kuma abin da bai kamata ba. Kada ku tumɓuke dutsen iyaka, kada ku yi jifa, kada ku zagi kowa a Facebook. Laifi ne, kuma yana mayar da mai gaskiya marar gaskiya. Idan ana rusau ku yi nesa da wurin, domin ginin da katafila ta taɓa yana iya ruftawa a kowane lokaci, rodin da za ka tsinta bai kai ranka ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba kullum za a yi abin da muke so ba. Gari yana buƙatar sababbin hanyoyi da kasuwanni, wani lokaci kuma dole wani ya matsa. Ba kuma kullum laifin daga sama yake ba, domin sau da yawa maƙwabcinmu ne ya ɗora bulo a kan kwata, ko ya ci rabin lungu da shagonsa, mu kuma muka yi shiru saboda kunya. Abin da muke nema shi ne a ji ta bakin masu zama a wurin tun ana zane, su ma su buɗe baki a kan lokaci.

Filinmu ya tafi, ba zai dawo ba. Amma kududdufin da ruwansa yake gangarawa yana nan, ko da yake kullum shara tana ƙara cin bakinsa. A hutun da ya wuce mun auna faɗinsa da taku, mun ɗauki hotuna, mun kai wa mai unguwa kwafe. Ku ma a makon nan, idan an tashi daga makaranta, ku zagaya bayan azuzuwa ku duba inda filinku ya tsaya, ku tambayi shugaban makaranta ko yana da takardarsa.