Shafin Intanet Da Ya Bar Ƙa'ida, Makaho Ne Ya Fi Shan Wuyarsa

Ran 12 ga Janairu, 2021, kamfanin Adobe na Amurka ya toshe manhajar nan tasa Flash, wadda aka yi shekara fiye da 20 ana ƙawata shafukan intanet da ita. Tun 2017 aka yi shelar haka, amma ranar ta riski Hukumar Tara Haraji ta Afirka ta Kudu ba ta gama sauya waɗansu fom-fom nata ba. Masu biyan haraji suka buɗe shafi, fom ya ƙi fitowa. Sai hukumar ta fito da burauza tata ta kanta, wadda kuma ba ta aiki sai a kwamfuta mai Windows.

To, ina tushen matsalar? Shafi yana da ƙa'idar gini da ake kira HTML, wadda kowace burauza ta sani. In aka bi ta, maɓalli maɓalli ne: manhajar da ke karanta wa makaho allo za ta faɗi sunansa da aikinsa, wanda hannunsa ke rawa kuma ya isa gare shi da allon rubutu kaɗai. Amma in magini ya zana hoto ya ce shi ne maɓalli, don kawai a ga gwaninta, manhajar ba ta da abin faɗi, makaho ya tsaya cak kamar an sace masa sanda.

Ba makafi kaɗai ba ne fa. Ɗan kasuwa a Mile 12 ko Sabo ta Ibadan mai ƙaramar waya ya san irin shafin nan: nauyi ya cinye data, rubutu ya ƙi girma, in ya danna komawa baya duk abin da ya cika ya goge.

A Amurka har kotu an je. A 2016 wani makaho, Guillermo Robles, ya yi ƙarar kamfanin abinci na Domino's saboda ya kasa yin oda a shafinsu. Kamfanin ya kai maganar Kotun Ƙoli, ta ƙi saurarensa a Oktoba 2019, kana a 2021 alƙali ya umarce shi ya gyara shafin bisa ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa tun 1999.