AIKIN FENTI: YADDA AKE LISSAFIN KUƊINSA DA TAKARDUN DA HUKUMA KE TAMBAYA

Bayan kaka, in an sayar da wake da gujiya, ko in ƴan cin rani sun aiko da kuɗi, mutane da yawa suna gyaran gida. Wani ya shafe ɗaki da siminti, wani ya sa kwano, wani ya kira mai fenti. Gab da salla kuma, masu kanti suna son gaban kantinsu ya yi haske. Lokacin nan masu fenti ba su zama.

Lokacin nan ne kuma gardama ke yawa. Mai gida ya ce an cuce shi, fenti bai yi wata uku ba ya soma ɓarewa. Mai fenti ya ce ya gama aiki an hana shi cikon kuɗinsa. In an je gaban mai unguwa, sai a tarar babu komi a rubuce. Kowa da abin da ya riƙe a kai. Alhali takarda guda ta isa ta raba gardamar, kuma duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya rubuta ta.

A fara auna bango

Ba a cinikin fenti da ido. Da awo ake yi. Abin awon shi ne metir kare, wato wuri mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1.

A ɗauki ɗaki mai tsawon metir 4, faɗin metir 4, tsayin bangonsa metir 3. Kowane bango, 4 sau 3, ya ba da metir kare 12. Bango huɗu sun ba da 48. A cire ƙofa, wajen metir kare 2, da taga, wajen metir kare 1. Saura 45. Wannan shi ne wurin da za a shafa.

Fenti na kirki shafa biyu yake so. Ta fari bango ya sha, ta biyu ita ce ke fito da launi. Ke nan 45 sau 2, ya zama 90. Litir guda na fentin ruwa yana rufe metir kare 8 zuwa 10 a bango mai santsi. To, ɗakin nan zai ci wajen litir 9 zuwa 11. A kasuwa galibi da kilo ake sayarwa, kuma litir guda na fentin ruwa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Don haka bokiti mai kilo 20 ya ishi bangon ɗakin. In bangon sabo ne, ko mai kaushi, ya fi shan fenti, sai a ƙara kaɗan.

Wanda ya san wannan lissafi ba a ruɗa shi. In mai fenti ya ce a sayo bokiti uku saboda ɗaki guda, sai ya yi bayani. In kuwa wani ya ce zai shafe ɗaki huɗu da bokiti guda, to ruwa zai zuba fiye da kima, kuma irin aikin nan ne ke gogewa a rigar duk wanda ya jingina da bango. Arhar nan ba arha ba ce.

Irin fenti da inda yake fitowa

Farar ƙasa ita ce mafi arha. Tana da kyau ga bangon laka da ga katanga, amma sai an sake ta kusan kowace shekara. Sai fentin ruwa, wanda ƴan kasuwa ke kira fom. Da ruwa ake sirka shi, shi ne na bangon siminti. Sai fentin mai, na ƙofar ƙarfe da taga da katako, da ƙasan bangon lakwal ko gidan likita inda ake wankewa kullum. Shi ya fi tsada, kuma ba a sirka shi da ruwa.

Yawancin fentin da ke kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa daga nesa yake zuwa. Wani daga Nijeriya, ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Illela da Birnin Ƙonni. Wani daga bakin teku. Saboda haka kuɗin mota, da kuɗin duwan, da canjin naira duk suna cikin farashin bokiti. A shekara ta 2023, da aka rufe iyakoki, kayan da ke zuwa ta Kwatano sun yi wuyar samu, farashin kaya da yawa ya hau. Shi ya sa farashin bara ba ya zama hujja bana. Mai gida ya tambayi kanti uku kafin ya saya, kuma ya karɓi rasit.

Lokaci ma yana da nasa kuɗi. Sabon shafen siminti yana son kamar mako huɗu ya bushe. In an gaggauta, fenti ya kumbura ya ɓare. Da damina bango yana riƙe danshi. Da hunturu ƙura tana mannewa a ɗanyen fenti. Da bazara, in rana ta take, fenti yana bushewa tun bai kama ba, sai a yi aikin waje da safe ko da marece.

Ladar aiki

Ana biyan mai fenti ta hanya uku: bisa metir kare, ko bisa ɗaki, ko jimla guda ga dukan aikin. Bisa metir kare ya fi sauƙin ganewa. A matsayin misali kawai, a ce an shirya 300 F kowane metir kare, shafa biyu. Ɗakin nan mai 45 zai tashi 13.500 F.

A nan akwai wurin tuntuɓe. A baki da dala ake lissafi, a takarda kuwa da tamma ake rubutawa. Dala guda tamma 5 ce, jika guda tamma 1.000. Ke nan 13.500 F shi ne jika 13 da dala ɗari. Wanda ya ga 500 a takarda, dala ɗari ce. In an rubuta adadi, a karanta shi da ƙarfi da Hausa gaban shaidu, kowa ya ji.

Mai gida kada ya ɗauka dukan ladar nan riba ce. A ciki mai fenti ke biyan yaran aikinsa. A ciki yake sayen buroshi, da rulo, da takarda mai yashi ta goge bango. A ciki yake hayar tsani, ya biya mai amalanke, ya biya haraji. Kuma rabin aikin ba a ganinsa: kankare tsohon fenti, cike tsaga, share ƙura. Wanda ya rage kuɗi ƙwarai, galibi wannan rabin ne zai tsallake.

Abin da za a rubuta

Takardar shiri ba ta son dogon zance. A sa sunan mai gida da na mai fenti, da unguwa, da kwanan wata. A sa ɗakunan da za a shafa da yawan metir karensu. A sa irin fenti, da sunan da ke jikin bokiti, da launi, da yawan shafa. A faɗi wanda zai sayo kaya. A sa kuɗin kaya daban, ladar aiki daban. A sa ranar farawa da ranar gamawa. Daga ƙarshe kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, tare da shaidu biyu, kuma kowa ya riƙe tasa.

Biyan kuɗi ya fi kyau a kasa shi uku: kashi guda a farko, guda bayan shafa ta fari, cikon in an gama an duba da rana. Duk abin da aka biya a rubuta shi a bayan takardar. In mai gida ya ƙaro aiki a tsakiya, kamar ya ce a haɗa da zaure, shi ma a rubuta kuɗinsa kafin a taɓa bangon.

Takardun hukuma

Fenti sana'ar hannu ce, tana cikin sana'o'in gini. A shekara ta 2012 gwamnati ta kafa majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa, wadda ake kira CMANI. Can mai sana'a ke rubuta sunansa ya samu katin sana'a. Katin nan shi ke shaida cewa wannan aikinsa ne. A shekara ta 2014 kuma ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka amince da doka guda ta masu sana'ar hannu.

Wanda ke son ya zama ɗan kwangila sosai, mai suna da hatimi, yana bukatar abu biyu. Na fari, ya shiga littafin ƴan kasuwa, wato RCCM, wanda ake ajiyewa a gidan shari'a. Na biyu, ya karɓi lambar haraji, wato NIF, daga ma'aikatar haraji. A Yamai akwai Maison de l'Entreprise, ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa, inda ake haɗa takardun nan a wuri guda. A jihohi sai a nufi ofishin majalisar ƴan kasuwa. Tun shekara ta 2010, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a da ke aiki shi kaɗai: yana iya bayyana sana'arsa kawai, ba sai ya bi doguwar hanyar manyan ƴan kasuwa ba.

Haraji, wato lanho, ya danganta da girman aiki. Ƙaramin mai sana'a yana biyan haraji na dunƙule, wanda mutane suka saba kira fatanti. Babban kamfani kuwa yana ƙara harajin TVA bisa takardar kuɗinsa, 19 bisa 100. Aikin 100.000 F sai ya tashi 119.000 F, kuma 19.000 ɗin nan na baitulmali ne. Wanda ba shi da NIF ba shi da ikon karɓar TVA a hannun kowa. Ma'aikatar magajin gari ita ma tana da nata kuɗi bisa rumfar kasuwa da allon talla.

Wasu masu fenti suna gudun takardun nan don tsoron biya. Amma rashinsu ya fi tsada. Aikin lakwal, da gidan likita, da ofisoshin hukuma, da na ƙungiyoyin agaji, ba a ba wanda ba shi da NIF. Ana kuma tambayar takardar shaidar cewa ba a bin mutum bashin haraji. A manyan ayyukan gwamnati har sai da takardar amincewa ta ma'aikatar ministan da ke kula da gine-gine. To, gwanin da ba shi da takarda sai ya koma ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Shi ke hawa tsani, wancan ke karɓar kuɗi ya tsakura masa. Da yawa sun tsufa a haka, alhali hannunsu ya fi na wanda suke yi wa aiki.

Yaran aiki da lafiyarsu

Wanda ya ɗauki ma'aikata ya shiga ƙarƙashin dokar aiki ta shekara ta 2012. Dokar ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyo. Tun watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta shi ne 42.000 F a wata. Kafin nan 30.047 F ne. Ubangidan aiki kuma wajibi ne ya rubuta ma'aikatansa a asusun CNSS. Asusun nan ne ke ɗaukar nauyi in ma'aikaci ya ji ciwo a bakin aiki. Faɗuwa daga tsani ba baƙon abu ba ne a sana'ar nan, kuma karayar ƙafa guda tana iya cinye ribar shekara.

Warin fentin mai yana sa jiri da ciwon kai. A buɗe ƙofa da taga, kada a kunna wuta ko taba kusa, kada a kwana cikin ɗakin sai warin ya fita.

Akwai haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne dalma. Ana samun ta cikin wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya, ja da kore. In fentin ya tsufa ya ɓare, ko an kankare shi, ƙurarsa ta zuba ƙasa, ƙananan yara su kai ta baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Mutanen Maraɗi da Tawa ba su manta da abin da ya faru a Zamfara ba a shekara ta 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutsen zinari da ake niƙawa cikin gida ta fito, amma gubar guda ce. Hukumar lafiya ta duniya tana kiran ƙasashe da kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Mai saye ya karanta jikin gwangwani, ya zaɓi wanda aka rubuta babu dalma. In ana kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon tukuna, a fitar da yara da mata masu ciki, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Gwangwanin fenti kuma ba a zuba ruwan sha ko fura a ciki, ko an wanke shi.

In gardama ta tashi

Tsakanin mai gida da mai fenti, a fara da sulhu gaban shaidun da suka sa hannu. In abin ya ƙi, a je wurin mai unguwa ko sarki, don doka ta ba sarakuna ikon sasanta mutane. In nan ma ba a shirya ba, sai gidan shari'a. Tsakanin mai fenti da yaransa kuwa, kan albashi ko ciwo, ofishin sufeton aiki ne ke fara dubawa. Ko ina aka je, a tafi da takardar shiri, da rasit na fenti, da bokitin da aka yi aiki da shi in yana nan.