GARGAƊI: Idan Ruwa Ya Shigo Gida, Rai Ake Fara Fitarwa

Jama'a, idan damina ta kai tsakiya, ƙasa ta ƙoshi, duk ruwan da ya sauka hanyar wucewa yake nema. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda gidansa yake bakin kogi, ko gefen kwari, ko kan tsohuwar hanyar ruwa, ko cikin unguwar da shara ta toshe magudananta. A karanta, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mun ga abin da ruwa ya yi. A wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. A wannan daminar ta 2024, mutum sama da 300 suka rasu a Jamhuriyar Nijar, tsohon masallacin Damagaram da aka gina da ƙasa ma ya rushe. Da asubahin Alhamis 29 ga Mayu 2025 ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, aka tsamo gawa fiye da 150, wasu kuma ba a sake ganinsu ba. A ambaliyar 2022 Najeriya ta yi asarar rayuka sama da 600. A Maiduguri da Mokwa duka, ruwan ya zo ne mutane suna barci.

Ajali na Allah ne, amma kiyaye rai amana ce da aka ɗora wa kowa. Ƙarfin zuciya a ranar ambaliya shi ne ka yanke shawarar fita tun hanya tana biyuwa, ka bar buhun hatsi da akwatin kaya, ka ƙirga 'ya'yanka ka kama hannunsu. Wannan irin ƙarfin zuciya shirya shi ake yi tun rana tana sama, domin wanda ya farka cikin duhu ya ji ruwa a ƙafarsa ba shi da lokacin tunani. Abin da ya riga ya tsara shi zai yi.

KAFIN RUWA YA ZO

Yau, kafin a kwanta, maigida ya tara iyalinsa ya faɗa musu tudun da za a nufa da hanyar da za a bi, da wata hanyar idan ta farko ta toshe. A raba aiki da suna: wane zai ɗauki jariri, wane zai riƙe kaka, wane zai kashe wutar lantarki daga babban makunni.

Magidanta, ku ji wannan da kyau. Akwai matan da ba sa fita sai da izinin miji, ruwa kuwa yana iya zuwa kana kasuwa, ko gona, ko wurin gadi. Ka ba matarka izinin tun yanzu, da bakinka, a gaban yara: idan ruwa ya shigo, ki kwashe yara ki fita, kada ki jira ni.

Malaman tsangaya su san adadin almajiransu da inda kowanne yake kwana. Yaron da ke barci a zauren da ke gangare a mayar da shi tudu har damina ta wuce.

A ɗaure takardun gida da na makaranta da katin shaida da maganin masu hawan jini ko ciwon sukari cikin leda biyu, a rataye kusa da ƙofa tare da tocila. Waya ta kwana da caji. A ajiye igiya mai ƙarfi da jarka biyu ko uku marasa komai, an ɗaure murafensu tam. A riƙa sauraron rediyo domin sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar agajin gaggawa ta NEMA, musamman mazauna bakin kogin Binuwai idan an ce za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da mutanen kwarin Haɗeja, da na bakin kogin Kwara da gulbin Maraɗi. Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi.

Mai gidan ƙasa ya zagaya bangonsa kowace safiya. Idan danshi ya hau daga gindin katanga ya kai gwiwa, ka danna da yatsa ka ji ya lotsa, ko ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko ƙasa ta fara zubowa daga azara, ɗakin nan ya daina zama wurin kwana. Kwana a gidan dangi ko a masallacin siminti ba abin kunya ba ne.

IDAN RUWA YA SHIGO

Tsoro zai zo, ƙafa za ta yi sanyi, hannu zai yi rawa. Kowa haka yake ji, har wanda ake kira jarumi. Ka ambaci Allah, ka ja numfashi mai tsawo sau uku, sannan ka yi magana da murya a tsaye, domin yara fuskarka suke kallo. Ka ba kowa aiki ɗaya ƙarami, ka kira shi da suna.

A kashe wutar lantarki idan ana iya kai wa makunnin ba tare da an tsaya cikin ruwa ba. A kwance dabbobi daga turke, su ma su nemi tudu. A buga wa maƙwabta ƙofa, a fara da tsofaffi da makafi da guragu da mai jego. Wanda ya fita kada ya koma ɗauko komai. Kuɗi da hatsi da keken ɗinki duk ana sake samu, in da rai da rabo.

Kada a hau soron ƙasa, domin gindinsa ruwa yake ci. Idan hanya ta yanke, a nemi ginin siminti mai bene, ko babbar bishiya mai ƙarfi, a ɗaga tufa mai haske ko a haska tocila. A Najeriya a kira 112, a Nijar a kira 18.

Kada a raina ruwa mai gudu. Tambayi ɗan garuwa: jarka ɗaya mai lita 20 kilo 20 ce, to ruwan da ya cika titi yana gudu jarka dubu nawa ne ke tunkuɗar ƙafarka? Zurfin santimita 15, ɗan sama da idon sawu, ya isa ya kayar da ƙato. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma ta tafi da jif. Ƙarƙashin wannan jan ruwa akwai kwalbati a buɗe, da rijiya, da shadda da ta rufta, da wayar wuta da ta faɗi. Idan dole ne a ratsa ruwan da ba ya gudu, a riƙe doguwar sanda ana taɓa ƙasa kafin a taka, a cire babbar riga da duk mayafin da zai jiƙe ya naɗe ƙafa. Uwa ta sauke goyo ta rungume jaririn a kafaɗa inda take ganin fuskarsa.

Direbobi da 'yan acaɓa da masu Keke Napep, gadar da ruwa ya rufe ba ta ƙetaruwa, ko da kullum kuna bi. Fasinja ya yi magana, ya sauka idan direba ya ƙi ji. Idan mota ta mutu cikin ruwa, a kwance bel, a sauke gilashi nan take, a fara fitar da yara ta taga. Ƙofa ba za ta buɗu ba idan ruwa ya danne ta.

Wanda ruwa ya ɗauka kada ya yi kokawa da shi, ƙarfinsa zai ƙare a banza. Ya kwanta rigingine, fuska sama, ƙafafu suna gaba ta inda ruwan ya nufa domin su tare masa dutse da itace, ya rungumi jarka ko katako, yana karkata a hankali zuwa gefe.

GA MATASA MASU CETO

A Maiduguri matasa da masu kwale-kwale da sojoji sun kwaso mutane daga kan rufi da gine-gine, Allah ya saka musu da alheri. Amma ceto yana da ƙa'ida. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk wanda ya kama zai danne shi ƙasa, a yi gawa biyu. Ka kwanta a bakin ruwa ka miƙa masa gora, ko ka jefa masa igiya ko jarka. Shiga ruwa aikin gwanin iyo ne, shi ma da abin da zai miƙa a hannunsa.

Wanda aka tsamo, kada a juya shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai don ruwa ya fita. A kwantar da shi a duba ƙirjinsa. Idan yana numfashi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Idan ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka har ya motsa ko ma'aikatan lafiya su iso. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

BAYAN RUWA YA JANYE

Haɗari bai ƙare ba. Ruwan ambaliya ya haɗa shadda da rijiya, daga nan kwalara take tashi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin. Wanda ya fara amai da gudawa a ba shi ORS, idan babu a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a garzaya da shi asibiti yana sha a hanya. A kwana cikin gidan sauro. A kakkaɓe takalmi da tabarma, domin macizai da kunamu su ma tudu suka gudo. Kada a koma ɗakin ƙasa sai ya bushe magini ya duba shi.

Wanda ya ga ruwa ya tafi da ɗansa, ko ya kwana biyu a kan bishiya, zai iya daina barci, ya riƙa firgita idan hadari ya haɗu. Wannan ba raunin imani ba ne. A zauna da shi, a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, idan abin ya daɗe a kai shi ga likita.

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai su sa a yi shela, limamai su faɗa bayan sallar Magariba da kuma a huɗubar Juma'a, matasa su fito gayya a yashe magudanai tun kafin hadari na gaba. Kowane gida ya san tudunsa kafin a kwanta barci yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kare sauran al'umma. Amin.