Ko Kun Sani? Amaryar Kirgistan Ba Ta Kama Sunan Surukanta

A ƙasar Kirgistan da ke Asiya ta Tsakiya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, amarya ba ta kiran dangin mijinta da sunayensu. Kowa sai ta raɗa masa laƙabi, tun daga suruki har ƙanen miji, kuma a al'adar dā ko kalmar da ta yi kama da sunan babba sai ta kauce mata. Alkunyar matan Hausawa ke nan, sai dai ta Kirgistan ta fi faɗi.

Ranar da aka kai amarya, matan gidan kan ɗaura mata farin kallabi, a zaunar da ita bayan labule. Dukiyar aure kuwa dawaki ne da shanu da tumaki, ko kuɗi a birane irin su Bishkek. Ita kuma ta zo da barguna da dardumar gashin tumaki da ake kira shirdak, aikin hannun mata.

Sai dai a harkar aure a ƙasar akwai mummunar ɗabi'a guda: sace budurwa a tilasta mata aure. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma a 2013 gwamnati ta tsananta hukuncinsa zuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 10.