Ciwon Baya da Ƙafa Bayan Ƙuraje: A Jijiya Yake, Ba a Ƙashi Ba

Aliero ta yi suna a kan albasa da ɗori. Shi ya sa idan ciwo ya riƙe wa manomin Jega ko Maiyama baya har ya gangara ƙafa, can tunaninsa ke fara zuwa. Amma akwai ciwon da hannun maɗori ba ya kai gare shi.

Asalinsa ƙarambau ne na ƙuruciya. Yaro kan warke, amma ƙwayar cutar ba ta barin jiki. Laɓewa take yi shekara da shekaru a gindin jijiyoyin da ke fita daga lakar gadon baya. Idan tsufa, ciwon suga ko cuta mai karya garkuwar jiki suka raunana mutum, sai ta farka, ta bi jijiya ɗaya zuwa fata, ta feso ƙuraje masu ruwa a jere a ɓari ɗaya na jiki. Likitoci na kiran wannan zosta.

Ƙurajen kan warke cikin mako 2 zuwa 4. Sai dai, a ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 10 zuwa 18 cikin 100 ciwon ba ya barinsu, domin jijiyar ta riga ta ji rauni. Idan ta ƙugu ce, zogin kan sauka cinya har ƙwauri: ƙuna kamar an ɗora garwashi, suka, har gogar riga ta hana barci. Yakan wuce wata 3, wani ma shekaru.

A nan ake asarar kuɗi da lafiya. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce jifa ne, a yi ƙaho, a yi tsaga, a ƙare a kan tiramadol daga kemis. Ba ɗayansu da ke gyara jijiya.

Maganin ƙwayar cutar, wato asaikulobiya, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Wanda ciwon ya riga ya zauna masa kuwa, akwai magungunan jijiya irin su gabafentin da amitiriftilin, waɗanda likita ne ke tsara shansu. Tun 2017 akwai rigakafin zosta mai suna Shingrix a Amurka don masu shekara 50 zuwa sama.

Don haka idan Baba ko Inna suka yi irin waɗannan ƙuraje, a kai su babban asibiti mafi kusa a ranar, musamman in kusa da ido ne. Wanda kuma ke fama da zogin yanzu, ya nuna wa likita tabon ƙurajen da ke ƙugunsa, ko da sun daɗe da bushewa.