Guzurin Ƙwayar Gero: Yadda Iri Ke Tsira a Ƙasar Gure

Kowace ƙwayar gero abu biyu ce cikin fata ɗaya: ɗan tsiro mai rai da ke kwance a gindinta, da abincin da zai ci kafin ya iya ciyar da kansa. Duka biyun tun a zangarniya suke samuwa. Idan iska ta kwaso bununi ta zuba wa fure, kowace ƙwayar bununi takan saki ƙwayoyin namiji biyu. Ɗaya ta haɗu da ƙwan furen, ɗan tsiro ya samu. Ɗayar kuma daga gare ta farin garin da ke kewaye da shi ke fitowa. Masanin tsirrai na Rasha, Sergei Nawashin, shi ya gano wannan a 1898. Bayan wannan haɗuwa, kara ya yi ta tura wa ƙwayar sukarin da ganye ya haɗa, har ta cika ta bushe, ɗan tsiron ya shiga barci a rumbu.

Ruwa ke tashe shi. Da ƙwaya ta jiƙa ta kumbura, sai ya saki sinadarin da ke sa garin ya narke ya koma sukari, shi kuma ya tsotsa. Wannan ne ma dalilin zaƙin tsiron hatsi da ake sa wa kunu. Saiwa ce ke fara leƙowa ta nufi ƙasa, sannan kan tsiron ya huda rairayi. Sai ganye ya yi kore ya sha rana kafin ya fara haɗa nasa abincin.

Ba kowane iri ke ajiye guzurinsa haka ba. Wake a ɓari biyun nan nasa yake tarawa, suna fitowa saman ƙasa su yanƙwane. Ƙwallon dabino da na goruba, da suka cika kwaruruwan Gure, abincinsu tauri gare shi, ana makonni ana narkar da shi, kuma sukan cusa ɗan tsiron can cikin ƙasa inda laima take.

Gero kuwa guzurinsa kaɗan ne: ƙwaya dubu da ƙyar ta wuce giram 10. A Gure, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba, nan haɗarin yake. Manomin da ya yi binne, idan yayyafi ya tada irin sannan fari ya biyo, tsiron ya cinye guzurinsa ya mutu, don wanda ya farka ba ya komawa barci. Haka ma idan sungumi ya yi zurfi, ko iska ta lulluɓe ramin da yashi, abincin kan ƙare kafin ya ga rana.

Shi ya sa masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, ke ba da shawarar sa ɗan taki, giram kaɗan, a kowane rami lokacin shuka, domin saiwa ta iske abinci kusa kafin na cikin ƙwaya ya ƙare.